Injin Kwatano, gyaran naka, ko injin gida: wanne ya dace da kai idan injin motarka ya gaji?

Ina dawowa daga Jos ne, na wuce Magama Gumau ban kai Nabordo ba, sai na ga allurar zafi ta haye. Na ce bari in lallaɓa in isa gari. Ban isa ba. Motar ta rage ƙarfi, tururi ya turnuƙe ta gefen bonet, ta mutu a gefen titi. Corolla ce ƙirar 2006. Washegari aka jawo ta Bauchi, bakanikena ya buɗe, ya jima yana dubawa, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, sai haƙuri. Ko mu sauke mu gyara wannan, ko ka nemo na Kwatano."

Mako biyu na yi ina shawara, kuma duk wanda na tambaya da tasa amsar. Wani ya ce inji in aka buɗe shi ya gama yawo. Wani ya ce yawancin abin da ake kira na Kwatano a nan gida aka yi masa wanka. Kowannensu akwai gaskiya a bakinsa, amma babu wanda ya tambaye ni abin da ya kashe injin, alhali amsar tana can.

Da farko, injin ya mutu ne ko ciwo yake yi?

Kada ka yarda a yanke wa inji hukunci da kunne kawai. Baƙin hayaƙi alama ce ta fetur ya yi yawa, kuma sau da yawa laifin nozul ne, ko sensa, ko matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe. Wannan bai kai a sauke inji ba. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin baƙin mai na shiga inda wuta ke ci. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa ko da inji ya yi zafi, tare da ruwan lagireto da ke raguwa, ko baƙin mai da ya koma kamar shayi mai madara, wannan gaskit ne ko tof silinda, wato kan injin da ke rufe silindoji ta sama. Ƙara mai nauyi daga ƙasa, wadda ke ƙaruwa idan ka taka totur, ita ce ake cewa inji ya buga: metal, wato siririn ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, ya cinye, wataƙila ya ja karanshaf ɗin ma.

Ka nemi a yi awon kwamfireshan, wato ƙarfin matsin kowace silinda. A lafiyayyen inji, tazarar da ke tsakanin silindoji ba ta cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Idan ɗaya ta yi ƙasa, a ɗiga mata ɗan baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. In matsin ya tashi, ringi ne. In bai tashi ba, a duba bawul ko gaskit. Aikin ƙasa da awa ɗaya ne, amma yana iya raba ka da asarar da za ka shekara kana jin ta.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi

Abu na farko kuɗi, amma kuɗin gaba ɗaya har motar ta fita gareji da ƙafarta: kuɗin inji ko kayan gyara, kuɗin ɗauko shi, ladan bakanike da mai wayarin, baƙin mai, filta, fulogi, ruwan sanyaya inji, gas na AC. Na biyu ƙarko, shekara nawa zai yi maka a zafin Maris da Afrilu da ke kaiwa digiri 40, da hawan Jos, da lodi. Na uku lokaci da wahala, domin mai motar haya kwana ɗaya a gareji abincin gida ne ya tsaya. Na huɗu kasada, ta ina za a iya cutar ka, kuma in an cuce ka wa za ka kama. Na ƙarshe dacewa da takardu.

Injin Kwatano

Sunan ne ya bi shi, wasu su ce ɗan Beljiyam, wasu tokumbo. Inji ne da aka ciro daga motar da ta yi aiki a Turai, Amurka ko Japan, da dama kuma ta Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suke biyowa. Manyan kasuwanninsa su ne Ladipo a Legas da Obosi kusa da Anaca, mu kuma nan ƙasar Bauchi da Gombe mafi yawa Ƙofar Ruwa ta Kano ko Jos muke nufa, ko mu saya hannun masu shagon kayan gyara da suka sara daga can.

Dalilin da ya sa ake son sa a fili yake. Haɗin kamfani ne, ba a taɓa buɗe cikinsa ba. A can mota kan bar titi saboda haɗari ko tsatsar jiki alhali injinta lafiya lau. A Japan ma akwai duba na dole bayan shekara 3 da sayen sabuwar mota, daga nan duk shekara 2, kuma tsadarsa na sa mutane rabuwa da mota tun ba ta tsufa ba. In ka dace da irin wannan, ka samu injin da zai yi maka shekaru ba ka taɓa komai ba sai juye, wato canjin baƙin mai.

Kuɗinsa shi ne mafi nauyi a cikin zaɓin da talaka ke iya kaiwa, kuma dala yake bi. A farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura naira 1,500, kayan mota suka bi ta. Saboda haka duk farashin da abokinka ya gaya maka na bara, ka ajiye shi gefe, ka kira shago uku a rana ɗaya. Ka kuma tambaya sarai: cikakken inji ne da nozul da kwayil da sensa, ko hafinji ne da za a ɗora masa tof silindarka? Farashinsu ba ɗaya ba ne.

Kasadar tana wuri biyu. Na farko, babu mita a jikin inji. Ba ka san kilomita nawa ya ci ba, ba ka san ko mai shi na can yana yin juye a kan lokaci ba. Na biyu shi ne ya fi ciwo. Idan ka sayi inji, sau da yawa mai shago zai ce ka ba shi tsohon naka ya rage maka kuɗi. Ka taɓa tambayar ina tsofaffin nan ke zuwa? Wasu, 'yan gwangwan ne ke narkar da su. Wasu kuma ana yi musu kwaskwarima, a wanke da fetur, a fesa fenti, a jera a layin na Kwatano. Akwai 'yan kasuwa masu tsoron Allah da ba sa yin haka, na yi hulɗa da su, amma kai da ba ka san kowa ba, idonka ne garkuwarka.

Ba a cinikin biri a sama. Ni da bakanikena muka shiga mota zuwa Kano, tafiyar kimanin kilomita 300, na ɗauki nauyin kuɗin motarsa da abincinsa, na kuma biya shi ladan ranar tun daga gida don kada ya sa ido kan la'adar mai shago. Injin farko da aka nuna mana sai sheƙi yake yi. Bakaniken ya durƙusa, ya bi bakin kaskon baƙin mai da farce, ya ɓantaro jan gam ya nuna min. Kawunan kusoshin ma duk shatin sifana. Ya miƙe ya karkaɗe hannu ya ce wa mai shagon, "Alhaji, a nuna mana wani." Na ukun da muka ɗauka ƙura ce a jikinsa, wayoyi da robobin ruwa duk yanke su aka yi da almakashi, yadda ake yi a can wajen ciro inji, ba kwancewa ba. Muka roƙa aka buɗe marfin sama, cikin ya yi launin zuma, babu baƙin dasƙararren mai. Ya cire fulogi huɗun, duk launinsu ɗaya. Ya sa sifana a fuli ya juya karanshaf zagaye biyu, ya ji yana tafiya sumul.

Sai garanti. Galibi 'yan kwanaki ne zuwa mako biyu, kuma in ba ka yi magana ba daga ranar biyan kuɗi ake fara ƙirga, alhali injin yana kan hanya. Ka sa a rubuta a rasit: lambar inji, yawan kwanaki, cewa ƙirga zai fara daga ranar da aka tayar da shi a mota, da kuma wanda zai biya kuɗin mayarwa in ya ƙi. Wanda ya yi oda daga Legas ta waya, tafiyar sama da kilomita 1,000, da bidiyon WhatsApp kawai a hannunsa, ya san in abu ya ɓaci kuɗin kai da kawowa kaɗai ya isa ya sa shi haƙura.

Dacewa kuwa, sunan mota bai isa ba, lambar samfurin inji ake bi. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai lita 1.8 tana ɗauke da 1ZZ-FE, amma a ƙirar Amurka ta 2003 da 2004 totur na waya ne, daga 2005 ya koma na lantarki. Za a iya ɗora kayan tsohon injinka a kan sabon, sai dai gara ka sani tun a shago. Camry mai lita 2.4 daga 2002 tana da 2AZ-FE, Accord ta 2003 zuwa 2007 mai silinda huɗu kuma K24. In aka ce za a dasa maka injin wata mota daban don ya fi araha, ko a mayar da injekta kabireto, ka ƙi. Ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, da wayarin, mazaunin inji da giya duk za su shiga rigima, wutar gargaɗi ba za ta ƙara mutuwa ba, shan mai ya ƙaru, ranar sayarwa kuma darajar motar ta zube.

Gyara naka

A nan ne nake ganin an fi yi wa zaɓi rashin adalci. Maganar da ake yi cewa injin da aka buɗe ya gama yawo, gaskiyarta ita ce injin da aka buɗe aka haɗa da ka, ba awo. Ƙanina yana da Camry ƙirar 2008 da ke shan baƙin mai, ba ta buga ba, ba ta taɓa ɗaukar zafi ba. Wannan sananniyar matsala ce ta 2AZ-FE na shekarun 2007 zuwa 2009, daga fistin da ringinsa take. Da ya sayo na Kwatano na waɗannan shekarun, zai iya sayo ciwon da yake gudu da kuɗinsa, an gudu ba a tsira ba. Sai ya sa aka sauke, aka auna silindoji aka ga ba su faɗaɗa ba, aka sa sabon fistin da ringi, metal, gaskit da robobin bawul. Motar tana nan tana zirga-zirga tsakanin Bauchi da Gombe.

Idan bulo, wato gangar jikin injin, da karanshaf lafiyarsu ƙalau, gyara ya fi injin Kwatano sauƙin kuɗi, kuma ka san abin da ke cikin injinka. Lambar inji ba ta canza ba, babu zancen takarda. Amma farashin da aka faɗa maka kafin a buɗe ƙiyasi ne. Ana buɗewa za a iya cewa karanshaf sai an kai yanka, tof silinda ya lanƙwashe sai an daidaita, silinda sai an yi borin, wato an faɗaɗa raminta. In abubuwan nan suka taru, kuɗin zai matso kusa da na Kwatano, nan ne gyara ya daina riba. Nawa haka ya kasance: zafin ya lanƙwasa tof silinda, fistin biyu suka kama suka karce bangon silinda. Shi ya sa na tafi Kano.

Ƙarkon gyara yana hannun mutum biyu, mai sayar da kaya da bakanike. Kasuwa cike take da jabun ringi da gaskit a cikin kwali mai tambarin kamfani. Bakanike kuma ka tambaye shi kai tsaye: "Oga, da me za ka auna tazarar metal da ringi? Da me za ka ɗaure kusoshin tof silinda?" Waɗannan kusoshin da sifanar awo ake ɗaure su, bi da bi, a kan adadin da kamfani ya faɗa. Wanda ya ce hannunsa ya saba, ya sa dogon bututu ya danna, a bulon alminiyam zai iya cinye zaren ramin. Ka duba kuma inda zai baje kayan. Yashi kaɗan a cikin metal ya isa ya lalata aikin gaba ɗaya, kuma yawancin garejinmu a fili suke.

Lokaci shi ne rauninsa. Mako ɗaya zuwa biyu ba abin mamaki ba ne, musamman in an aika karanshaf ko bulo wani gari. Bayan an haɗa kuma sai ka lallaɓa shi kimanin kilomita 1,000 na farko, ba gudu ba lodi, sannan a yi juye da wuri.

Injin gida

Wannan shi ne wanda aka ciro daga motar da ta yi aiki a Najeriya. Shi ne mafi araha kuma mafi saurin samu, wani lokaci a garejin da motarka take. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Inji da ke zaune a ƙasa, wani ne ya gaji da shi ya cire. Ya sha ruwan rijiya a lagireto, ya sha baƙin mai na kwalba, wataƙila an buɗe shi sau biyu.

Hali ɗaya ne nake yarda da shi: motar da ta yi haɗari ta baya ko ta gefe, ko wadda jikinta ko giyarta ya gaji, injin yana kanta, za ka iya tayar da shi ka ji. A bar shi ya kwana ka zo ka tayar da sanyin safiya da kanka, ka duba hayaƙi, a auna kwamfireshan, ya yi aiki har fanka ta tashi ta tsaya. A wannan hali ya ma fi na Kwatano ta fuska ɗaya, domin ka ji muryarsa kafin ka biya. Sai dai ka tabbatar da asalinsa. Ka ga takardun motar da aka ciro shi, ka karɓi shaidar sayarwa da lambar inji da sa hannun shaidu, saboda ana wargaza motocin sata a sayar da su gunduwa-gunduwa.

Sabon inji fil daga kamfani ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. Ga motar da ta haura shekara 15, kuɗinsa kan wuce darajar motar.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Lokaci | Babbar kasada |
|---|---|---|---|---|
| Injin Kwatano | Mai yawa, yana bin dala | Mai kyau in na gaskiya ne | Kwana 2 zuwa 3 bayan ya iso | Na gida da aka yi wa wanka, gajeren garanti |
| Gyara naka | Matsakaici, yana iya hawa | Mai kyau in an yi awo da kaya na asali | Mako 1 zuwa 2 | Jabun kaya, haɗi da ka |
| Injin gida | Mafi araha | Ba tabbas, sai in ka ji shi yana aiki | Kwana 1 zuwa 2 | Gajiyayyen inji, kayan sata |
| Sayar da motar a haka | Ba kashewa, amma farashi zai faɗi | Ba ruwanka | Sai an samu mai saye | Rasa abin hawa |

Abin da ke kashe inji na biyu

Wannan sashen ya fi damuna, domin na ga mutane sun sayi inji mai kyau sun rasa shi cikin wata uku, suka ɗora wa mai shago laifi. Abin da ya kashe na farko yana nan a motar yana jira. Da muka bincika tawa, rabin lagireton ya toshe da tsatsa saboda ruwan famfo da ake zuba masa, robar ruwa ta ƙasa ta tsage, an cire tamostat tun tuni an haɗa fanka kai tsaye. Ana yin haka da sunan ƙasarmu da zafi, amma tamostat ɗin irin injin motata yana buɗe wa ruwa hanya ne wajen digiri 82 don inji ya zauna a zafin da aka ƙera shi a kai. In babu shi, inji ya daɗe da sanyi, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara fetur, ringi na cinyewa, ainihin matsalar lagireto kuma tana ɓoye har ranar da za ka hau tudu da lodi.

Don haka ka ware kuɗin waɗannan tun farko: lagireto mai kyau, robobin ruwa, marfin lagireto, tamostat, ruwan sanyaya inji na gaske, famfon ruwa in yana da alamar yoyo. Kafin a ɗora inji a canza robar bayan karanshaf, domin in ta yi yoyo daga baya sai an sake raba inji da giya. In motar mai taimin belt ce, kamar Peugeot 406 ko Golf, a sa sabo tun injin yana ƙasa. A 406 in ya tsinke yana lanƙwasa bawul. Baƙin mai kuma wanda littafin motar ya faɗa, kamar 5W-30 ga 1ZZ-FE, ba mai kaurin da aka saba zuba wa tsofaffin motoci ba. In ka canza inji, ka ɗauki rasit ka je ofishin lasisi a gyara lambar inji a takardunka, kada wata rana a shingen bincike ka rasa bakin magana.

Wane ne ya dace da wane

In bulonka ya tsage, ko fistin ya karce silinda, ko karanshaf ya lalace, kuma jiki da giya da ƙafafun motar suna da kyau har kana son riƙe ta wasu shekaru, ka nemi na Kwatano, da sharaɗin kai ko wanda ka amince da shi ya je ya gani da ido. Haka ma mai doguwar tafiya da iyali, irin Gombe zuwa Abuja ko Bauchi zuwa Maiduguri, in ba shi da bakaniken da ya yarda da awonsa.

In shan baƙin mai ne ko gaskit, injin bai buga ba, kai ka riƙe motar ka san tarihinta, kuma za ka iya haƙura da mako biyu, gyara naka. Ka je da kanka a sayi kayan, ka ce a ajiye maka tsofaffin da aka cire ka gani.

Direban haya mai Sharon ko Golf da ke lodi a tasha, wanda ba zai iya ajiye mota mako biyu ba kuma kuɗin na Kwatano bai taru ba, injin gida da ya ji da kunnensa a kan mota zai iya riƙe shi ya ci gaba da nema. Tsohon nasa kuma kada ya bayar a musaya. Ya ajiye shi, yana samu yana sayen kaya ana gyara shi a hankali, ranar da na gidan ya gaji a mayar.

In kuwa giya tana fizga, ƙasan motar ya yi tsatsa, wayarin duk ɗaure-ɗaure ne, ka lissafa kuɗin inji da na sauran gyaran ka ga sun kai rabin abin da motar za ta yi a kasuwa bayan an gyara, ka sayar da ita a yadda take. Ka gaya wa mai saye gaskiyar abin da ya samu injin, ka haɗa kuɗin da wanda ka tanada don inji ka nemi wata.